Hannun Na'ura da Ƙugiyar Hausa: Lalaci Ne Ko Rashin Lura?

Duk wanda ya bi hanyar Kpalime ta cikin Adidogome, ko kuwa ya kutsa lungunan Agoe-Zongo, ba zai rasa ganin 'yan shagunan nan na buga takardu ba, masu kwamfuta ɗaya ko biyu da injin fotokwafi a gefe. A irin waɗannan shaguna ne ake buga mana katin ɗaurin aure da na suna, da sanarwar sadakar bakwai ko ta arba'in, da ƙyallen Maulidi, da kalandar ƙungiya, har da rasiɗin 'yan kasuwa. Galibin masu wannan sana'a 'ya'yanmu ne da ƙannenmu, wasunsu ma ta hannunmu suka bi a makarantar firamare.

To, akwai wata gardama da ta daɗe tana yawo a tsakaninsu. Masu ganin sun ƙware a aikin zayyana suna yi wa sauran gori, wai duk wanda ya buɗe kwamfuta ya kama rubutu da samfurin haruffan da ya tarar a ciki, wato irin su Times New Roman ko Arial ko Calibri, bai tsaya ya zaɓo wani na daban ba, to malalaci ne, kuɗin mutane kawai yake ci. Su kuma waɗanda ake yi wa gorin suna cewa ai rubutu don a karanta ake yin sa, in dai ya karantu magana ta ƙare.

Mun ga ya kamata mu sa baki a wannan magana, domin kuwa ta shafe mu fiye da yadda masu gardamar suke zato. Amma kafin mu yi nisa, bari mu daidaita kan suna. Masu kwamfuta a nan Lome da Faransanci suke kiran abin, suna ce masa "police", ko da yake ba ruwansa da 'yan sanda. Mu kuwa muna da kalmarmu tun zamanin allo da tawada. Idan aka ga rubutu, akan ce wannan hannun Malam wane ne. Saboda haka a wannan maƙala za mu riƙa cewa "hannu", wanda ya zo da na'ura kuma mu ce masa "hannun na'ura".

WA YA ZAƁA MANA?

Abu na farko da ya kamata a sani shi ne, waɗannan hannuwa da ake rainawa ba aikin yara ba ne. Times New Roman dai an zana shi ne musamman domin jaridar The Times ta birnin Landan, ƙarƙashin jagorancin wani masani mai suna Stanley Morison, aka fara buga jaridar da shi a 1932. Abin da aka nema a lokacin shi ne hannu mai ɗaukar kalmomi da yawa a ɗan siririn layin jarida, ba tare da ya wahalar da idon mai karatu ba. Arial kuwa kamfanin Monotype ne ya fito da shi a 1982. Da kamfanin Microsoft ya zuba su biyun cikin Windows a 1992, sai suka game duniya. Times New Roman ya yi shekaru yana matsayin hannun da Word ke buɗewa da shi, har zuwa 2007 da Calibri ya karɓe shi, shi ma daga 2023 aka fara maye gurbinsa da wani mai suna Aptos.

Ashe ke nan wanda ya yi aiki da hannun na'ura bai ɗauki abin banza ba. Ya ɗauki aikin gwanaye ne, wanda aka gwada a kan miliyoyin idanu. Mai abinci ba ta zama malalaciya don ta zuba tuwo a kwanon da kowa ke amfani da shi, in dai kwanon a wanke yake kuma ya ɗauki tuwon.

Sai dai fa akwai wani hanzari. Duk waɗanda muka lissafa, da Morison da Monotype da Microsoft, lokacin da suke wannan aiki mai karanta Turanci da Faransanci da Jamusanci ne a gabansu. Ba su zauna da Bahaushen Zongo a zuciyarsu ba. Zaɓin da na'ura ta zo da shi zaɓin wani ne, wanda ya yi shi don mutanensa. Bafaranshe yana iya rufe ido ya karɓa, don ya san babu harafinsa ko ɗaya da zai ɓace. Mu kam dole mu buɗe ido.

INDA GIZO KE SAƘA

Hausar boko tana da haruffa masu ƙugiya, wato ɓ da ɗ da ƙ, sannan akwai 'y wanda a Nijeriya ake rubutawa da waƙafi a sama, a Nijar kuma ake yi masa ƙugiya, ƴ. 'Yan'uwanmu Fulani ma suna da ɓ da ɗ da ƴ a rubutunsu. Wannan 'yar ƙugiya ba ado ba ce, ita ce ke raba ma'ana da ma'ana. A duba waɗannan: baki da baƙi, kaya da ƙaya, fada da faɗa, kishi da ƙishi, koko da ƙoƙo, bari da ɓari.

Wani zai ce ai mai karatu yana gane abin da ake nufi daga yanayin maganar. Haka ne, amma wane mai karatu? Dattijon da ya tashi a Kano ko Maraɗi, Hausa ta cika masa kunne, in ya ga "fada" a cikin jimla ya san ko ta Sarki ce ko kuwa ta masu dambe. Amma yaron da aka haifa a Adidogome, wanda yake karatu da Faransanci, yake wasa da Ewe ko Mina a waje, Hausa kuma sai a cikin gida, shi abin da ya gani a takarda shi zai furta. Mu da muke tsaye gaban allo mun sha jin yara suna karanta ƙasa da kasa da murya ɗaya. Ranar da ƙungiya ta buga ƙyalle don ta nuna cewa ita ta ƙasa ce baki ɗaya, aka bar ƙugiyar, to abin da aka rataya wa jama'a shi ne "ƙungiya ta kasa". Ranar da aka rubuta a katin biki cewa ana maraba da "baki", to bakin wa?

A ƙasar Hausa, in takarda ta yi kuskure kasuwa za ta gyara, rediyo zai gyara, maƙwabta za su gyara. Mu da muke 'yan tsiraru, rubutacciyar Hausar da yaranmu ke gani ba ta da yawa: katin biki ne, da kalanda, da saƙon waya, da wannan shafi da kuke karantawa. Idan waɗannan 'yan kaɗan ɗin suka zo a gurguje, to su ne za su zama malaman yaranmu.

ƘUGIYAR BA DAGA SAMA TA FAƊO BA

Yana da kyau matasanmu su san irin wahalar da aka sha kafin a samu waɗannan haruffa. Lokacin da Turawa suka fara rubuta Hausa da baƙaƙensu, kowa da yadda yake yi. A nan yankinmu ma an yi wannan aiki, domin Bajamushen nan Adam Mischlich, wanda ya yi mulki a Kete-Karaci lokacin tana cikin Togo ta Jamus, ya zauna da shahararren malami Alhaji Umaru, ya kuma fitar da ƙamus na Hausa da Jamusanci a 1906. A Kano kuwa Hanns Vischer, wanda ake kira Ɗan Hausa, ya fitar da ƙa'idojin rubutun Hausa a 1912. A wancan zamani wasu ɗigo suke sa wa a ƙarƙashin harafi, wasu kuma waƙafi a gabansa, don nuna waɗannan sautuka da babu su a bakin Bature.

Sai a shekarun 1930 ne, a ofishin fassara da talifi na Zariya ƙarƙashin Dakta Rupert East, ƙugiya ta zauna da gindinta. Da ita aka ci gaba da buga littattafan makaranta, da jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo wadda ta fara fitowa a watan Janairu na 1939, Malam Abubakar Imam yana editanta. A tuna fa, a lokacin ɗab'i da haruffan darma ake yin sa. Kowane harafi sai an sassaƙa masa mazubi, an narka darma an zuba, babba da ƙarami, kowane girma da nasa. Duk da wannan ɗawainiya da kashe kuɗi, mutanen nan ba su ce a bar ƙugiya mai karatu zai gane ba. Daga baya kuma aka yi taron Bamako a 1966 da na Yamai a 1980, duk don a daidaita rubutun tsakanin ƙasashe.

Da tafireta ta shigo ofisoshi sai matsala ta dawo sabuwa, musamman a ƙasashenmu na renon Faransa inda na'urar ta zo da baƙaƙen Faransanci. Akawu mai kula yakan gama bugawa, sannan ya ɗauki alƙalami ya bi layi-layi yana ɗora wa kowane harafi ƙugiyarsa. Marar kula kuwa ya bar su haka nan. A Nijeriya har an yi wani yunƙuri a shekarun 1980 na zana hannu guda da zai ɗauki haruffan harsunan ƙasar, inda aka nemi taimakon gwanin zanen haruffa na Jamus, Hermann Zapf.

Farkon zuwan kwamfuta ma haka aka yi ta fama. A shekarun 1990, Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ta Kano yana cikin waɗanda suka zauna suka ƙera hannuwa masu ƙugiya, aka yi ta aiki da su a maɗaba'u. Dabarar irin waɗannan hannuwa na farko ita ce, a cire wata alama da ba a cika buƙata ba, a dasa harafin Hausa a gurbinta. Abin yana tafiya daidai muddin takardar tana cikin na'urar da ke da wannan hannu. Da zarar an kai ta wata na'urar, sai alamar da aka kora ta dawo gidanta, rubutu ya cika da tarkace. Wannan ne ya sa masu buga takardu da yawa suka yi fushi da ƙugiya, suka yafe ta ɗungum, waɗanda suka koya a wurinsu kuma suka gaji wannan hali ba tare da sun san dalilinsa ba.

UZURI YA ƘARE

Amma in kiɗa ya canja, rawa ma sai ta canja. Tun 1991 aka fito da wani tsari na duniya mai suna Unicode, wanda ya ba kowane harafi na kowane harshe lambarsa ta kansa. Haruffanmu masu ƙugiya suna ciki, manya da ƙanana. Ma'anar wannan ita ce, ƙ da aka rubuta a Lome ƙ ce a Kumasi, ƙ ce a Jidda, ba ta rikiɗa a hanya. Sai dai a lura, samun lamba daban, samun zane daban. Lambar tana nan, amma sai mai hannun ya zana harafin kafin ya fito a takarda. In bai zana ba, ɗayan biyu ne: ko dai a ga ɗan akwati fanko a gurbin harafin, ko kuwa na'ura ta aro shi daga wani hannun, sai ka ga ƙ ta yi tsuru a tsakiyar kalma, ta fi 'yan'uwanta kauri ko tsawo, kamar baƙon da ya shigo biki da kayan da ba na anko ba.

A nan ne gardamar matasanmu ta juya. Times New Roman da Arial na farko ba su da ƙugiya, amma waɗanda suka zo da Windows daga 2007 zuwa yau suna da ita. Su kuwa hannuwan nan masu kwalliya da ake kwasowa kyauta a intanet, masu lanƙwashe-lanƙwashe da inuwa da furanni, waɗanda gwanayen zayyana ke taƙama da su, yawancinsu ba su wuce baƙaƙen Turanci ba, wasu ko alamomin Faransanci ba su cika ba. Saboda haka sau da yawa wanda ake kira malalaci shi ne katinsa ke fitowa da Hausa cikakkiya, gwanin kuma ya zaɓi ado, da ya ga ƙugiya ta ƙi fitowa sai ya share ta ya sa k da d da b, ya miƙa wa mai biki. To, a cikin su biyun wa ya yi lalaci?

Mu a ganinmu, sunan hannu ba shi ke nuna lalaci ko ƙwazo ba. Malalaci shi ne wanda bai tambayi kansa ba: wa zai karanta wannan takarda, da wane harshe, daga wane nisa, da wane irin ido? Wanda ya yi wannan tambaya, ya duba, ya ga hannun na'ura ya biya buƙata, ya bar shi, ya yi aikinsa. Wanda bai yi ta ba, ko ya zuba hannuwa bakwai a kati ɗaya, bai yi komai ba sai wahalar da tsofaffi masu neman ranar ɗaurin aure a cikin furanni.

Ba kuma muna cewa hannun na'ura ba shi da aibi ba ne. A makarantar horon malamai an koya mana cewa yaro mai koyon karatu da siffar harafi yake kamawa. A Arial, babban I da ƙaramin l kusan sanda ɗaya ce, ga shi kuwa muna da Ilimi da Iliya da Illa. Ga mai buga wa 'yan aji ɗaya abin karatu, akwai hannu mai suna Andika, wanda ƙungiyar SIL ta zana musamman don masu koyon karatu, yana da ƙugiyoyinmu duka, kuma kyauta ne. Haka ma Charis da Gentium na ƙungiyar, da jerin Noto na kamfanin Google. Wanda ya san da waɗannan ya ɗauko su a inda suka dace, shi ne gwani na gaskiya.

WANI TARKO NA NAN GIDA

Akwai wani kuskure da mu mazauna Togo muka fi kowa faɗawa cikinsa. Tun gyaran tsarin ilimi na 1975 aka ɗauki Ewe da Kabiye a matsayin harsunan ƙasa, saboda haka masu buga takardu da dama sun saba da haruffansu. A cikinsu akwai ɖ, mai wutsiya a ƙasa, babbanta kuma Ɖ mai gicciye. Tamu kuwa ɗ ce, ƙugiyarta a sama, babbanta Ɗ. Sun yi kama amma ba ɗaya ba ne, sautinsu daban, lambarsu daban. Mai shago da niyyar alheri yakan sa ta Ewe a gurbin tamu, yana ganin ya fita kunya. Ranar da aka zo neman sunan Ɗanladi ko Ɗanjuma a jerin sunayen da ke cikin kwamfuta, sai na'ura ta ce babu shi, alhali yana nan, da harafin maƙwabta aka rubuta shi. Abin koyi a nan shi ne, maƙwabtanmu sun tsaya wa haruffansu har masu shago sun san su. Mu ne ba mu tsaya wa namu ba.

AJAMI MA BAI TSIRA BA

Abin da ya sami boko ya sami ajami. Hannun Larabci da ke zuwa da kwamfuta da waya irin na ƙasashen gabas ne. Iyayenmu kuwa da suka yi karatun allo da ruwayar Warshu, idonsu ya saba da hannunmu na yamma, mai kauri, inda fa take da ɗigo ɗaya a ƙasa, ƙaf kuma ɗigo ɗaya a sama. Shi ya sa Alƙur'ani bugun hannun Sharif Bala Gabari na Kano ya sami karɓuwa a zangonni, don mutane suna ganin rubutun da suka sani. Idan aka buga wa dattijo sanarwa da hannun gabas, yana iya karanta fa a matsayin ƙaf, tunda ɗigo ɗaya ya gani a sama. An yi maganin wannan ma, domin a 2017 SIL ta fitar da wani hannu mai suna Alkalami wanda aka kwaikwayo daga rubutun Kano, akwai kuma wani mai suna Harmattan da aka yi don harsunan Afirka ta Yamma. Mai buga wa makarantun allo da masallatai takardu ya kamata ya mallake su.

SHAWARA

Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Ga masu shago, shawararmu ita ce, kafin a fara aikin Hausa da kowane hannu, a gwada shi da kalmomi uku: Ɓarawo, Ɗaki, Ƙofa, da manyan haruffa da ƙanana. In sun fito sumul, daidai da sauran, a ci gaba. In an ga akwati ko harafi ya yi tsuru, a sake hannu, kada a taɓa ƙugiya. Windows yana da allon rubutu na Hausa da ake iya ƙarawa kusa da na Faransanci, haka ma Gboard na wayoyin Android, ba a biyan ko dala. A kati ɗaya hannu biyu sun isa, ɗaya na kanu, ɗaya na bayani. Suna da rana da wuri su fito ɓaro-ɓaro, ado ya biyo baya.

Ga masu kai aiki kuma, ku rubuta abin da kuke so da ƙugiyoyinsa tun daga gida, ku nemi a buga muku gwaji ɗaya ku karanta a tsanake kafin a buga ɗari biyu. Ba a fafe gora ranar tafiya, kada a bari sai jajibirin biki. Mai shagon da ba Bahaushe ba ne ba shi da laifi in ba a nuna masa ba, kuma in ya ga masu kawo aiki suna duba ƙugiya kafin su biya, da kansa zai koya.

Shugabannin ƙungiyoyinmu da malaman makarantu kuwa, nauyin ya fi yawa a wuyanmu, domin takardunmu su ne jama'a ke ɗauka a matsayin daidai. Mutanen Zariya sun narka darma don waɗannan haruffa su samu shiga ɗab'i. Mu abin da ya rage mana danna maɓalli ne kawai, da ɗan haƙurin sake karanta abin da muka rubuta. Allah Ya ba mu ikon kulawa, Ya kuma bar zumunci. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.